Tsatsar shasi: tambayoyin da ake yawan yi min kafin sayen a-kori-kura ta hannu

Kusan duk sati sai wani ya turo min hoton mota a WhatsApp, Hilux ko Tacoma ko Frontier, an wanke ta tas tana ta sheƙi a rana, ya ce "oga ya ka ga wannan?" Ni kuma amsata ɗaya ce kullum, turo min hoton ƙasanta. Daga nan sai ka ji shiru, don shi kansa bai leƙa ba, dillalin ma bai so a leƙa ba. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya shi yasa na tattara tambayoyin nan wuri guda.

Wai mene ne shasin nan da ake ta surutu a kai?

A-kori-kura ba kamar Corolla ko Civic take ba, su waɗannan jikinsu da ƙashinsu abu ɗaya ne. Ita kuwa tana da wasu dogayen ƙarafa biyu da suka tashi tun daga bamba ta gaba har ta baya, an haɗa su da gajerun ƙarafa a tsakani, in ka ɗage bodin ka kalle shi daga sama kamar tsani ne aka kwantar. To a kan wannan tsanin aka ɗora komai, inji, giya, tankin mai, sifirin, gidan direba, da akwatin baya da kake loda buhuna.

Inji in ya buga sai ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas ka ɗauko wani, kwana biyu an ɗora. Giya ma haka. Amma shasi in ya ruɓe to motar ce ta ruɓe, kuma lambar da ke takardun kwastam ɗinka da na rajista ita ce dai lambar da aka buga a jikinsa, don haka ko ka samu wani za ka canja, sai ka haɗa da ciwon kan takardu.

Mu da ba mu da ƙanƙara, tsatsar daga ina take zuwa?

Yawanci da ita motar take zuwa, ba a nan ta kamu ba. A arewacin Amurka da Kanada, wato irin su Michigan, Ohio, Pennsylvania, New York, Wisconsin, Minnesota, da Ontario da Quebec, idan hunturu ya shiga gishiri suke watsawa a titi don ƙanƙara ta narke, wani lokacin ma ruwan gishiri suke fesawa tun kafin ta sauka. Taya tana ɗibar wannan ruwan tana watsa shi a ƙasan mota wata huɗu ko biyar a jere, duk shekara, ya shige cikin ramukan shasi ya kwanta tare da laka, ga danshi ga gishiri ga iska, abin da tsatsa take nema kenan. Motar da ta yi shekara goma a Ohio da wadda ta yi shekara goma a Arizona ko Texas, ƙira ɗaya shekara ɗaya, wallahi in ka shiga ƙasansu sai ka rantse ba kamfani ɗaya ya yi su ba. Turai ma suna zuba gishiri, don haka 'yar Beljiyam ba ta tsira ba don kawai sunanta Beljiyam.

A gida ma akwai namu. Motar da ta zauna a Legas ko Fatakwal ko Warri iskar teku tana cin ta a hankali. Sannan akwai abin da aka yi ta ɗauka da ita: takin zamani, musamman yuriya, mugun maci ƙarfe ne in ya zube ya haɗu da ruwa, haka gishiri, haka masu dakon fiya wata da ƙasan motarsu ba ya bushewa. Motar da ta yi rayuwarta a Kano ko Katsina ko Maraɗi kuwa, galibi ƙura ce matsalarta da lodin da ya wuce ƙima, shasinta zai fi tsagewa ko lanƙwasa a kan ya ruɓe.

To duk tsatsar da na gani in gudu kenan?

A'a mana. In haka ne ai ba za ka taɓa sayen mota ba. Ni kashi uku nake kasa ta.

Akwai ta sama-sama, jan nan da kake gani kamar an barbaɗa garin jan ƙasa, ka goga da burushin waya ƙarfe ya fito sumul. Wannan ba komai, kusan duk motar da ta haura shekara takwas tana da shi.

Akwai mai ɓawo, wadda ƙarfen ya fara kumbura yana tashi falle-falle kamar littafin da ruwa ya jiƙa ya bushe, kana taɓawa yana zubo maka a fuska. Nan fa an fara cin jiki, duk fallen da ya faɗo kauri ne ya ragu, kuma kaurin ƙarfen shasi dama 'yan milimita ne ba wani abin kirki ba. Wannan sai an kankare an ga abin da ya saura kafin a yanke hukunci.

Sai ta ukun, wadda ta ɓula, ko ka danna sukudireba ta shige kamar ka soki biredi. In a kan dogayen ƙarafan nan biyu ne, ko kusa da inda sifirin ya kama, ni dai nan nake karkaɗe rigata in yi sallama.

Me zan tafi da shi wurin dubawa?

Ƙaramar guduma, sukudireba mai kauri, tocila mai haske sosai, ta waya ba ta isa ba, burushin waya, kwali ko tsohuwar tabarma ta kwanciya, da kayan da ba ka jin tausayinsu. Ka sa tabarau ko da na rana ne, ɓarɓashin tsatsa in ya faɗa ido sai ka yini kana hawaye. In da hali a kai motar garejin da ke da rami ko wurin wanki mai gada, ka ba yaran wani abu su bar ka minti talatin. Kada ka shiga ƙasan motar da jak kaɗai ya ɗaga, ballantana motar da kake zargin shasinta.

Ina da ina ne ya kamata in duba?

Wannan ita ce tambayar gaske, bari in ɗan daɗe a kanta.

Fara daga baya, don can ne ta fi yin ɓarna. Ka nemo inda sifirin ɗin baya ya kama shasi, akwai maƙali biyu kowane gefe, ɗaya gaban taya ɗaya bayanta. Na gaban nan shi ne wurin da nake fara kai guduma, saboda nauyin lodi yana sauka a nan kuma nan taya take watsa ruwa. Ka buga a hankali kana saurare. Lafiyayyen ƙarfe ƙara yake tangararan, gudumar ma tsalle take ta dawo maka. Ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji "dum" kamar ka bugi katangar ƙasa, wani lokaci ka ji abu yana zubowa a ciki shaaa kamar yashi a gwangwani. Wannan yashin shasinka ne.

Daga nan ka sauke safaya. Eh, ka sauke ta, ko dillali yana tsaki. Ƙarfen da ke saman safaya ba mai wanke shi, ba mai ganinsa, laka tana taruwa a wurin shekara da shekaru. Haka gefen da tankin mai ya jingina da shasi, ka tura tocila ta tsakanin ka leƙa, ka duba har belin ƙarfen da ya ɗaure tankin.

Sai daidai mahaɗar gidan direba da akwatin baya, wurin da shasi yake ɗan hawa sama. Nan ne motoci suke karyewa biyu in abin ya yi nisa. Tun kana tsaye daga nesa ma ka kalli tazarar da ke tsakanin gidan direba da akwatin, in sama ta matse ƙasa ta buɗe, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, akwai magana.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne shasi iri biyu ne. Akwai buɗaɗɗe wanda gefensa ɗaya a buɗe yake kana ganin cikinsa, akwai rufaffe mai kusurwa huɗu kamar bututu. Rufaffen ya fi ƙarfi amma daga ciki yake ruɓewa, waje yana nan da fentinsa lafiya lau ciki kuwa ya zama gari. Don haka duk ramin da ka gani a jikinsa ka zura yatsa ko waya ka lalubo ƙasan, in ka zaro ɓawon tsatsa masu kauri kamar ƙanzo to ka san abin da ke ciki. Akwai ƙaramar kyamara mai igiya da ake haɗawa da waya, ba ta da tsada, mai sana'ar saye da sayarwa ya kamata ya mallake ta.

Kada ka manta da siraran bututun birki da na mai da suke bin jikin shasi, su sukan riga shasin ɓulewa, kuma bututun birki ba ya ba da notis, rana ɗaya za ka taka ka ji ƙafarka ta tafi ƙasa. Sai robobin da bodi ya zauna a kansu, da wurin da shokoba ta kama ta sama, da wurin da akwatin sitiyari ya ɗaure a gaba.

Na leƙa na ga an fesa baƙin fenti ko'ina yana ƙyalli, ai alama ce mai kyau ko?

Nan aka taɓa cin kasuwata, don haka da zafi nake amsa wannan.

Shekarun baya na je ganin wata a-kori-kura tokumbo a wurin wani dillali, sabuwar saukowa, na durƙusa na leƙa na ga ƙasanta baƙi wuluk kamar jiya ta fito daga kamfani, har na ce masa kai wannan mai ita ya riƙe ta da kyau. Ina sanye da farar shadda ranar, za ni ɗaurin aure, ƙyashin kwanciya a ƙasa ya hana ni shiga. Na ba da kafin alƙalami, washegari na cika kuɗi. Bayan wata uku na kai ta a canja min bushin ɗin sifirin, bakanike ya sa jak a jikin shasi yana ɗagawa, motar ba ta tashi ba sai kan jak ɗin ne ya shige ciki. Ya kira ni ya ce Alhaji zo ka gani. Da ya sa sukudireba ya ɓanɓaro baƙin abin nan sai ga fila irin ta masu gyaran bodi an cusa a rami an shafe, an bi da fenti mai kauri kamar kwalta. Kallon kitse na yi wa rogo, kuma ba wanda zan zarga sai farar shaddata.

Tun daga ranar, motar da ta shekara goma sha biyar amma ƙasanta ya fi samanta sabunta, tambaya nake mene ne ake ɓoyewa. Ka duba ko fentin ya taɓa salansa da robobi da kan notuna da wayoyi, kamfani ba ya fesa waɗannan, mai gaggawa ne yake fesawa. Ka danna da farce, in yana da laushi ko yana wari to bai daɗe ba. Ka kai maganaɗisu wurin da ya yi sumul fiye da kima, in ya ƙi kamawa ba ƙarfe ba ne a wurin. Gara min shasi mai ja-ja da ƙura wanda nake ganin gaskiyarsa.

An ce Tacoma tana da matsalar shasi, gaskiya ne ko sharrin 'yan kasuwa?

Gaskiya ne, kuma kamfanin da kansa ya ɗau mataki a kai. A 2008 Toyota ta riƙa sayen Tacoma ƙirar 1995 zuwa 2000 daga hannun masu su idan shasin ya ɓula, tana biyan ninki ɗaya da rabi na darajar motar. A 2009 ta yi kiranyen Tundra ƙirar 2000 zuwa 2003, kusan guda 110,000 a jihohin sanyi, saboda ƙarfen baya yana ruɓewa har safaya tana iya faɗowa a titi. Sai a 2016 aka yi sulhu a wata shari'a a Amurka wanda aka ƙiyasta zai kai dala biliyan 3.4, ya shafi motoci wajen miliyan 1.5: Tacoma 2005 zuwa 2010, Tundra 2007 zuwa 2008, Sequoia 2005 zuwa 2008. Ma'aunin da aka sa shi ne in an samu ɓula mai faɗin milimita 10 ko fiye, a canja shasin gaba ɗaya. Ka ji fa, milimita 10, ramin da ɗan yatsanka ma da ƙyar zai shiga, su a wurinsu shasin ya tashi aiki, mu kuma a nan sai a ce "ɗan wannan ne? mai walda zai toshe."

Wannan ba ya nufin kada ka sayi Tacoma, injinta ba ya mutuwa da wuri shi yasa ma ake son ta. Wasu an riga an canja musu sabon shasi tun a can, irin wannan in ka dace da ita ka yi sa'a. Amma wani tarko, daga 2005 cikin akwatin bayan Tacoma ba ƙarfe ba ne, wata irin roba ce mai tauri, ba za ka taɓa ganin tsatsa a ciki ba komai lalacewar ƙasan. Haka Ford F-150 daga 2015 bodinta alminiyam ne, shasin kuma ƙarfe. Sama ba ta ba da labarin ƙasa a waɗannan.

Hilux fa? Ai ita ba ta jin komai.

Ƙarfe ne ita ma. Abin da ya taimake ta shi ne ba a sayar da ita a Amurka tun 1995 da Tacoma ta maye gurbinta, yawancin namu daga Tailan ko Afirka ta Kudu aka ƙera su, suka zo sababbi ko ta Dubai, ba su ga gishirin titi ba. Amma shasinta rufaffe ne, in ta yi aikin kamfani a yankin Neja Delta tana kutsawa cikin ruwa da taɓo, ko daga Turai aka kawo ta, ka duba ta kamar kowace mota. Nissan Navara ma ta wajen 2005 zuwa 2008 ta yi ƙaurin suna a Ingila kan karyewar shasi a bayan gidan direba.

Lambar shasi za ta nuna min inda motar ta zauna?

Lambar kanta, mai harufa da lambobi 17, inda aka ƙera motar take nunawa: 1 ko 4 ko 5 a farko Amurka, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan. Inda ta yi rayuwa kuwa sai ka sa lambar a Carfax, shafin intanet mai ajiye tarihin motoci, ko makamancinsa, zai jero maka jihohin da aka yi mata rajista. In ta bi ta gwanjon Copart ko IAA, kamfanonin gwanjon motoci na Amurka, sau da yawa kana rubuta lambar a Google tsofaffin hotunanta za su fito, har ka ga a wane gari aka yi gwanjon, ka kuma ga ko ambaliya ce ta cinye ta. Motar da ruwan teku ya shanye a guguwa irin ta Ian a 2022, ko daga jihar zafi take, ba ta da maraba da ta gishiri, ga matsalar wayarin a kai.

Wata 'yar alama da nake dubawa: in ka ga wayar lantarki mai filogi tana leƙowa ta gaban mota wajen giril, na'urar ɗumama inji ce, ba a sa ta sai a garin da sanyi yake daskarar da mai. Kana ganinta ka san daga inda ta fito. Haka in takardun gargaɗin da aka manna a jikin motar da Turanci da Faransanci ne, akwai yiwuwar 'yar Kanada ce.

Mai walda ba zai iya gyarawa ba?

Ya danganta da wuri da kuma mai waldar. In ɗaya daga cikin gajerun ƙarafan tsakani ne, ko can ƙarshen wutsiya wajen bamba, ana yankewa a sa wani, ba tashin hankali. In kuma kan dogon ƙarfen ne, gyaran gaskiya shi ne a yanke ruɓaɓɓen har sai an kai ga lafiyayyen ƙarfe, a sa faci mai kauri daidai da na asali, a ƙara wani a kai wanda ya zarce wurin ta kowane gefe, a sauke tankin mai a cire batir kafin a kunna wuta. Abin da aka fi yi mana kuwa shi ne a ɗora guntun ƙarfe a kan tsatsar a ɗiga walda a gefe huɗu a shafa fenti. Walda ba ta kama tsatsa, kuma ruwa zai shiga tsakanin facin da shasin ya ci gaba da aikinsa a ɓoye. Sannan in wuri ɗaya ya ɓula a rufaffen shasi, da wuya a ce shi kaɗai ne, sauran suna hanya.

Ka kuma tuna me za ka yi da motar. Ba wanda yake sayen a-kori-kura don zuwa masallacin Juma'a kawai, buhu ashirin na masara za ka ɗora mata ka bi hanyar ƙauye mai gargada, wani lokaci da mutane zaune a kan lodin.

Mai motar ya ce kada in buga masa mota da guduma, ya zan yi?

Ka yi masa bayani cikin mutunci cewa ba dukan fasa dutse za ka yi ba, ƙwanƙwasawa ce, kuma lafiyayyen shasi ko gezau ba zai yi ba. In ya yarda da sukudireba kawai, to a yi da ita. In ya ƙi duka biyun, ya kuma ƙi a kai ta rami, ka ce Allah ya kawo kasuwa ka wuce.

In tsatsar ba ta yi tsanani ba, nawa zan nemi a rage min?

Ba ni da adadi, kasuwa kullum canjawa take. Abin da nake yi shi ne in ɗau hoton wuraren, in kai wa mai walda da bakanike su yi min lissafin kankarewa da fenti da canjin bututun birki da notunan da za su karye wajen kwancewa, don za su karye, sai in ɗora wani abu a kai saboda abin da ba a gani ba tukuna, in cire daga tayin da zan yi. Ta sama-sama ba ta kai a yi dogon ciniki a kanta ba. Mai ɓula a babban ƙarfe kuwa farashin kayan gyara ne farashinta, wato kuɗin inji da giya da ƙofofi.

Na riga na saya, kuma akwai 'yar tsatsa. Me zan yi kada ta ƙaru?

A wanke ƙasan da ruwa mai ƙarfi, a zura tiyo cikin ramukan shasi har sai ruwan da ke fitowa ya yi fari, a buɗe ƙananan ramukan da ke ƙasa waɗanda laka ta toshe don ta nan ruwa yake tsiyayewa. A bar ta ta bushe sosai, mu da muke da rana kyauta kwana biyu ya isa. Sai a kankare da burushin waya, a shafa maganin tsatsa, a bi da jan fenti na ƙarfe sannan baƙi. Kada a fesa mai kaurin nan irin kwalta a kan tsatsa, rufe danshi yake a ciki.

Cikin shasin kuma mai ake fesawa. Na san al'adarmu baƙin mai ne a wurin wanki, yana ɗan taimakawa ba ƙarya, amma yana lalata robobi da bushin kuma yana tara ƙura, in ka samu man hana tsatsa irin su Fluid Film ko Waxoyl sun fi, in kuma dole sai baƙin man to a kauce wa robobi da birki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kafin damina ta sauka, sannan a sake wankewa bayan ta ɗauke. In ka yi dakon taki kuma kada ka bari ya kwana a akwatin, ka share ka wanke a ranar, har da ƙasan inda ya zurara ta ramukan notuna.